Malam Aminu Kano: Malamin da ya ƙalubalanci sarakuna da littattafan kakanninsu

Duk wanda ya san Abuja ya san Titin Aminu Kano da ke Wuse II. Titi ne na bankuna da manyan kantuna da gidajen cin abinci, irin waɗanda kuɗin faranti guda a cikinsu zai riƙe tukunyar gidan talaka kwana da kwanaki. Da yamma idan cunkoso ya haɗu, sai ka ga motoci jere an rufe gilasansu ruf, yara masu tallar ruwa suna ratsawa ta tsakaninsu. Mutumin da aka raɗa wa wannan titi sunansa ya yi shekara 62 da 'yan watanni a duniya. Ya zauna a majalisar tarayya, ya riƙe ma'aikatu biyu na gwamnatin tarayya har tsawon shekara bakwai, ya nemi shugabancin ƙasa, sannan ya rasu a wani gida da ke Gwammaja a Kano, wanda bai fi na malamin makaranta mai rufin asiri ba. Sunansa yana kan filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa da kwaleji, kuma da wuya ka sami ɗan siyasar Kano da ba ya da'awar shi ne magajinsa. Waɗanda suka yi ƙaranci su ne masu iya faɗin abin da mutumin ya tsaya a kai, da kuma inda ya samo shi.

An haifi Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano, shekara 17 bayan Turawa sun ci garin. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, kuma ɗan zuriyar Gyanawa ne, Fulanin da aka sani da fiƙihu da alƙalanci tun zamanin jihadi. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a hannun matan gidansu ya fara biya allo. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa biyu. Na farko, jagoran talakawa ba talaka ba ne a haihuwa. Ɗan gidan malamai ne da ke cin abinci a cikin tsarin sarauta, ya taso yana ganin yadda ake yanke hukunci, da yadda hukuncin yake karkata idan fada ta sa baki. Na biyu, tun yana yaro ya san mace tana iya zama malama, don haka ba a Landan ya fara jin wannan magana ba, kamar yadda abokan hamayyarsa suka riƙa yaɗawa daga baya.

Ya yi elemantare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937, wato makarantar da ta samo asali daga Kwalejin Katsina, wadda yau ake kira Barewa. A can aka fara ganin kaifin bakinsa. Yana rubuta gajerun wasannin kwaikwayo da Hausa, ɗalibai su yi su a dandali, ana yi wa 'yan kasuwa macuta da hakimai masu haɗama ba'a. Kafin ya cika shekara 25 ya rubuta wata ƙasida da Turanci wadda takenta ke nufin Kano a ƙarƙashin gudumar mulkin En'e. A 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi.

Wanda aka haifa bayan sauye-sauyen 1976 zai sha wuyar gane abin da kalmar En'e take nufi ga mutumin karkara a wancan zamani. Turawa ba su rushe sarauta ba. Sun tsaya a bayanta, suka ƙara mata ƙarfin da ba ta da shi a da, domin sarkin da Razdan ya yarda da shi ba ya tsoron jama'a, ba ya tsoron malamai. A hannun En'e baitulmali yake, a hannunta kotun alƙali take, haka 'yan doka da gidan yari. Daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, haka umarni yake sauka, haraji da jangali kuma su hau ta wannan tsani, kowane mataki yana lasar nasa. Akwai gaisuwa, wadda sunanta kyauta amma wanda ya ƙi ta ya san sauran. Akwai aikin tilas, kuma a daidai shekarun da Aminu ya fara koyarwa, ana kwasar ƙarti daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a Jos saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Talakan da aka zalunta zai kai ƙara ne gaban alƙalin da wanda ya zalunce shi ya naɗa.

Bauchi ce ta gyara masa alƙibla. A can ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a makarantar, a can kuma ya shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, mutumin da ya girme shi da 'yan shekaru, wanda ya haɗa zurfin ilimin Larabci da na boko, ga baiwar waƙa, ga rashin tsoro. Sa'adu ɗan gidan limamai ne, saboda haka idan ya soki bidi'a ko zaluncin masu mulki, ba a iya ce masa jahili. Daga gare shi Aminu ya ɗauki hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa, wato a yi jayayya da masu iko da hujjar da su kansu ba za su iya ƙaryatawa ba. Sun kafa zauren tattaunawa na 'yan boko, da yardar hukuma tun farko, har Turawan mulki suna halarta. Zauren bai yi tsawon rai ba. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e kansa, aka fara tambayar ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi, sai aka rufe shi.

A 1946 ya sami gurbin karatun shekara guda a sashen horar da malamai na Jami'ar Landan. Ya isa Ingila a lokacin da jam'iyyar Leba take mulki, tana ƙoƙarin mayar da lafiya da ilimi haƙƙin kowa, kuma Indiya tana dab da karɓar 'yancinta. Ya yi cuɗanya da 'yan gurguzun Ingila da ɗaliban ƙasashen da ake mulka, ya kuma ƙaunaci tafarkin Gandhi na gwagwarmaya ba da makami ba da sauƙin rayuwar jagora. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Hukuma ta ga zamansa kusa da Sa'adu bai yi mata daɗi ba, sai aka ɗaga shi zuwa makarantar horar da malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na lokacin, wato Jihar Zamfara a yau. Ko a can bai zauna shiru ba, ya shiga neman hanyar gyara makarantun allo, abin da ya jawo masa fushin manya.

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin da Maitama Sule, da Bello Ijumu, Bayarabe daga Lardin Kabba. Aminu ba ya cikin takwas ɗin, domin yana aikin gwamnati a Maru. A watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aiki ya dawo gida, kuma a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. Takardar manufofinsu, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba, ta raba al'ummar Arewa gida biyu, masu riƙe da En'e a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen, ta ce muradunsu ba sa haɗuwa, kuma talakawa da kansu ne za su ƙwaci kansu. Wanda ya karanta ta da Turanci zai ji ƙamshin littattafan 'yan gurguzun Turai. Amma manomin Ringim ko maɗinkin Fagge bai shiga NEPU don ya karanta Markis ba. Abin da ya ja shi wata magana ce da ya riga ya sani.

Maganar ita ce ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Sarakunan Arewa suna kafa halaccin mulkinsu a kan jihadin 1804, su ne jikokin masu tuta. Aminu ya ce to, a buɗe littattafan masu jihadin a gani. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya jera halayen mulkin da ya yaƙa: gadon sarauta da ƙarfi ba tare da shawara ba, ɗora wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba, inda ya ambaci jangali da kuɗin gari da sunansu, karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, ƙwace kayan 'yan kasuwa, da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Duk wanda ya ji wannan jeri a dandalin lacca a 1953 ba ya buƙatar a fassara masa, domin jiya-jiya ya gan su a ƙofar hakimi. Haka kuma ƙanin Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, ya taɓa barin rundunar jihadi saboda takaicin yadda ya ga son duniya ya fara shiga zukatan abokan tafiya. Ya nufi gabas, Kanawa suka tsayar da shi, kuma a cikin birnin Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya shimfiɗa haƙƙin talakawa a wuyan mai mulki. Wato dai Aminu bai zo wa sarakuna da baƙon ma'auni ba. Da mudun gidansu ya auna su.

Wannan ne ya sa faɗan ya yi zafi fiye da faɗan kujera. Da NEPU ta ce addini ne matsalar Arewa, da an gama da ita cikin mako guda. Sai ta ce addini ne ya hana abin da ake yi da sunansa. 'Yan NEPU suka daina faɗuwa ƙasa gaban hakimai, suna cewa sujada ta Allah ce shi kaɗai. Malamai irin su Lawan Dambazau suka riƙa koya wa magoya baya yadda za su kare kansu a gaban alƙali da hujjar fiƙihu. Mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suka sa saƙon a baitoci, ya shiga kasuwa da tasha da majalisar dare, inda jarida ba ta isa.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa hujjar, kuma adalci ne a faɗe ta. Malaman fada suna karanta ayar biyayya ga majiɓinta al'amari, suna tunatar da cewa fitina ta fi zalunci ɓarna. Shugabannin NPC, wadda ta zama jam'iyya a 1951 kuma Sardauna Ahmadu Bello ya zo ya jagorance ta, suna ganin Arewa tana baya ƙwarai a ilimin boko, idan ta rabu gida biyu a gaban Kudu za ta koma 'yar kallo a ƙasar da za a ba 'yanci. Wannan tsoro ba na ƙarya ba ne, kuma mutanen da suka ji shi sun bar abin nunawa, daga Jami'ar Zariya zuwa Bankin Arewa. Da NEPU ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Nnamdi Azikiwe a 1954, sai ta miƙa wa abokan hamayya sandar dukanta. Aka ce sun sayar da Arewa, aka ce sun haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba, wasu ma suka fito fili suka kafirta su. Inda hujjar ta gaza shi ne a aikace. Haɗin kan da ake kira gare shi yana nufin wanda ake bugu ya yi shiru, wanda yake bugun ya ci gaba.

An kuwa yi bugun. Lacca sai da izinin En'e, kuma En'e ita ce NPC a mafi yawan wurare. Laifin zagin sarki ba shi da iyaka, alƙali ne yake faɗin inda ya fara da inda ya ƙare. An yi wa 'yan NEPU bulala a bainar jama'a, an ɗaure su, an ninka musu haraji, an kori wasu daga garuruwan haihuwarsu. A Kano aka sami gungun 'yan ta'adda da ake kira 'Yan Mahaukata, masu farautar duk wanda ya ce Sawaba. Aminu kansa ya sha gurfana, har da laifin ɗaura tutar jam'iyya a motarsa cikin birni. Sai dai ba za a ce hannun NEPU ya fita tas ba. Ita ma ta tara samari masu ramawa, kuma al'adar ajiye 'yan banga da ta addabi siyasar Kano har yau tana da saiwa a ɓangarorin biyu. Kalmar Sawaba ta ƙetare iyaka a waɗannan shekaru, domin jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar ita ma da wannan suna aka san ta, kuma da aka haramta ta a 1959, wasu 'ya'yanta a gidajen 'yan NEPU na Kano suka sami mafaka.

A kan mata ne Aminu ya fi yin nisa da zamaninsa. Lokacin da matan Kudu suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, gwamnatin Arewa ta ƙi, ta ce addini da al'ada ba su yarda ba. NEPU ta sa wannan buƙata a manufofinta, Aminu ya kai ta har tarurrukan tsarin mulki na Landan. A nan ma da littafin Shehu ya yi magana, domin a Nurul Albabi Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a karkara. Jam'iyyar ta buɗe reshen mata, inda Gambo Sawaba ta Zariya ta yi fice, matar da aka ƙidaya mata ɗauri sau 16. Matan Arewa ba su sami ƙuri'a ba sai a 1976, kuma zaɓen 1979 ne babban zaɓe na farko da suka shiga. A farkon shekarun 1950 kuma ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano, mai aji da allon bango da darasin lissafi tare da Alƙur'ani da Larabci, ana karɓar yara maza da mata. An kai wa irin waɗannan makarantu hari a lokacin, ana kiransu makarantun 'yan NEPU. Yau babu unguwar da ba ta da Islamiyya, har da unguwannin jikokin waɗanda suka jefe ta.

A akwatin zaɓe kam, NEPU ba ta taɓa cin abin da ya kai yawan masoyanta ba. A 1951 ta yi rinjaye a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai jam'iyyar ta tashi ba ta da kujera ko ɗaya. A 1954 Aminu ya sha kaye a hannun Maitama Sule, wanda ya riga ya koma NPC. A 1956 Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959, da aka yi zaɓe kai tsaye, ya ci mazaɓar Kano ta Gabas ya tafi majalisar wakilai a Legas. NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312, NEPU ta sami takwas.

Nan ya shiga wani hali mai wuyar bayani. Ƙawarsa NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da zama Firayim Minista, shi kuma aka ba shi muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. A Legas yana zaune a layi ɗaya da mutanen da 'yan dokarsu suke kama mabiyansa a Kano da Katsina da Sakkwato. Ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, sunansa ya fita waje, amma a gida jam'iyyar tana ƙanƙancewa. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 kujera ɗaya tak ta samu, a 1964 kuma shi kansa ya rasa tasa. Masu kare shi suna cewa ba shi da wata mafita, jam'iyyar matalauta ba ta iya rayuwa ba tare da babbar ƙawa ba. Ina ganin akwai gaskiya a ciki, amma mutumin da aka yi wa bulala a ƙauye saboda tauraron NEPU yana da haƙƙin ya tambayi ribar da wannan zama ya kawo masa.

Abin mamaki, soja ne suka aiwatar da mafi yawan abin da NEPU ta nema. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi 12 a watan Mayun 1967, Kano ta zama jiha mai cin gashin kanta, abin da Aminu ya daɗe yana goyon baya. Cikin 'yan shekaru aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Janar Yakubu Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya a 1967, ya yi wannan aiki duk tsawon yaƙin basasa, sannan ya koma ma'aikatar lafiya daga 1971 zuwa 1974. Waɗannan su ne shekarun da kuɗin man fetur ya fara ambaliya, kwangila ta zama hanyar arziki dare ɗaya. Da Murtala Muhammed ya hau mulki a 1975 aka bincike manyan jami'an gwamnatin da ta gabata, da yawa suka ji kunya. Aminu ya koma Gwammaja da farar rigarsa da jar hularsa. Da azumi yakan zauna a gidansa ya yi tafsiri, yana ɗaukar ayoyin adalci da amana da haƙƙin maraya yana ɗora su a kan abin da ke faruwa a gari, kuma har yanzu akwai masu adana kaset-kaset ɗin.

A majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978 ya tsaya tare da masu neman kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, abin da ya ba wasu abokansa 'yan gurguzu mamaki. Bai kamata ya ba su ba. Mutumin bai taɓa faɗa da shari'a ba, faɗansa da masu mayar da ita bulalar siyasa ne. An ƙare a kan matsaya ta tsakiya, cewa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya za ta ƙunshi alƙalai masana shari'ar Musulunci.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, ya fara zama da waɗanda suka kafa NPN, amma bai daɗe ba ya fice ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi da kirarin Nasara. Hukumar zaɓe ta so hana shi takara a kan batun takardun haraji, kotu ta wanke shi. Da Sam Ikoku a matsayin mataimaki, ya sami ƙuri'a fiye da miliyan 1.7, kimanin kashi 10 cikin 100, ya zo na huɗu cikin 'yan takara biyar. Amma ƙarfinsa a Kano ne ya haifar da shari'ar zaɓe mafi shahara a tarihin ƙasar nan. Shehu Shagari ya sami rubu'in ƙuri'u a jihohi 12, a Kano kuwa ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100, sai aka shiga lissafin ko kashi biyu cikin uku na jihohi 19 yana nufin 13 ne ko 12 da sulusi biyu. Kotun Ƙoli ta ba Shagari gaskiya. PRP ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, da kujeru bakwai a majalisar dattawa da 49 a ta wakilai. Da hawansu, gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali. Shekara 29 ke nan bayan kafa NEPU, kuma dattawan da aka taɓa ɗaurewa saboda wannan magana suna raye suka gani. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, ta kuma fara ba ma'aikata hutun ranar 1 ga Mayu a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Daɗin bai kai shekara ba. Gwamnonin biyu suka shiga taron gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP. Uwar jam'iyya ta hana su, suka ƙi hanuwa, aka kore su. PRP ta dare gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni, tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu yana shugabantar ɓangarensu. Samarin da suka koyi tawaye a zaurensa suka zarge shi da sassauci ga NPN. Shi kuma yana ganin sun yi gaggawa, kuma za su mayar da jam'iyyar 'yar rakiyar Awolowo. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma sakamakon bai yi wa kowa kyau ba. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, bayan ta shafe kusan shekara biyu tana ƙin amincewa da kwamishinoninsa. Ranar 10 ga Yuli, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Mutumin da ya yi shekara 30 yana koya wa talakawa su ce a'a bai sami dabarar zama da almajiransa ba a ranar da suka ce masa a'a, su ma ba su sami ladabin da za su saurare shi ba. A ganina wannan ne rauni mafi girma a tarihinsa, kuma masu yabonsa sun fi son a tsallake shi.

Duk da haka mutuncinsa bai zube ba. A wannan tsakani ne marubuci Chinua Achebe ya shiga PRP har ya zama mataimakin shugabanta na ƙasa, kuma a ɗan littafinsa na 1983 a kan matsalar shugabanci a Najeriya, inda bai raga wa Azikiwe da Awolowo ba, Aminu ne ya ware ya yaba. Mu da muka karanta Achebe a jami'a mun san ba mutum ne mai arhar yabo ba. Malam yana shirin sake tsayawa takara a 1983, ya kuma zaɓi mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa.

Bai kai ga zaɓen ba. Ya rasu ranar Lahadi 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a cikin gidansa na Gwammaja, jama'a suka cika unguwar har titunan da ke kewaye da ita. Bai bar kamfani ko rukunin gidajen haya ba. A watan Agusta, ɗan takarar ɓangarensa, Sabo Bakin Zuwo, ya kayar da Rimi, wanda ya koma NPP, ya zama gwamnan Kano. Wata uku kacal ya yi a kujerar, soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba. Gidan na Gwammaja, wanda aka fi sani da Gidan Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An gina zauren taro da ofisoshi a harabar, an bar ɗakunansa da kabarinsa a inda suke, kuma duk shekara idan watan Afrilu ya zagayo ana taruwa a wurin a yi lacca.